Yadda Ƙungiyoyin Sa-kai Za Su Yi Amfani da Kafafen Sada Zumunta da Fasahar Zamani Wajen Kawo Sauyi

Kafin ƙungiyar sa-kai ta buɗe shafi a Facebook ko ta kashe kuɗi wajen sayen kwamfuta da kyamara, akwai tambaya guda da ya kamata shugabanninta su zauna su amsa a rubuce: wane mutum muke so ya aikata wane abu, kuma zuwa yaushe? Ƙungiyoyi da yawa suna tsallake wannan tambaya, sai su samo matashin da ya iya waya su danƙa masa shafukansu, shi kuma ya yi ta wallafa hotunan taruka da saƙonnin ranakun duniya, shekara ta zagayo mabiya sun ƙaru, amma babu abin da ya canza a rayuwar mutanen da aka kafa ƙungiyar dominsu. Matashin bai gaza ba, an dai ba shi aiki ne ba tare da an gaya masa inda aka dosa ba.

Cewa "muna son wayar da kan jama'a game da ilimin 'ya'ya mata" buri ne mai kyau, amma ba a iya ɗora aiki a kansa, domin babu ranar da za a ce an kammala shi. Idan kuwa aka ce "muna son hukumar ilimi ta gyara banɗakunan makarantun 'yan mata guda goma kafin a koma sabon zangon karatu", to hanya ta fito fili. An san wanda za a tunkara, an san irin hujjar da za a tara masa, an san mutanen da maganarsu ke da nauyi a kunnensa, kuma an san ranar da za a waiwaya a ga ko haƙa ta cimma ruwa. Daga wannan jimla guda ake zaɓen kafar da za a yi amfani da ita, da harshen da za a yi magana da shi, da kayan aikin da suka cancanci a saya.

Jan hankali daban, sauyi daban

A watan Maris na 2012 ƙungiyar Invisible Children ta Amurka ta saki wani bidiyo game da Joseph Kony, madugun 'yan tawayen LRA da suka addabi arewacin Uganda, kuma cikin kwana shida an kalle shi fiye da sau miliyan 100. Sai dai da ƙungiyar ta kira mutane su fito tituna ranar 20 ga Afrilu su lilliƙa hotuna, waɗanda suka fito ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da masu kallon, 'yan Uganda da dama kuma suka yi ƙorafin cewa an ba da labarin ƙasarsu ba daidai da halin da take ciki a lokacin ba, tunda Kony ya bar ƙasar shekaru kafin nan. Fiye da shekara goma bayan haka ba a kama shi ba. Jama'a sun kalla, zukata sun motsu, amma babu wani tsari da zai riƙe su bayan ƙurar ta lafa.

A kwatanta wannan da fafutukar rage shekarun tsayawa takara a Najeriya, wadda ƙungiyar YIAGA ta jagoranta tun 2016 a ƙarƙashin maudu'in #NotTooYoungToRun. Buƙatarsu guda ce kuma a bayyane take, wato a yi wa tsarin mulki gyara, kuma sun san hanyar da gyaran zai bi: amincewar majalisar tarayya, sannan amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 daga cikin 36, sannan sa hannun shugaban ƙasa. Saboda haka duk abin da suka wallafa yana da wanda aka nufa da shi. Sun yi tattaki zuwa majalisa, sun yi ta kai gwauro suna kai mari tsakanin ofisoshin 'yan majalisa, sun kafa wakilai a jihohi, intanet kuma ta zama wurin da ake sanar da jama'a majalisar da ta amince da wadda ke jan ƙafa. Ranar 31 ga Mayun 2018 aka sa hannu a dokar, shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Wannan gangami bai samu ko kusa da yawan masu kallon da bidiyon Kony ya samu ba, amma shi ne ya canza doka, kuma a ganina duk ƙungiyar da ke shirin gangami ta fi buƙatar nazarinsa fiye da nazarin abubuwan da suka yaɗu kamar wutar daji.

Ba ana cewa yaɗuwa ba ta da amfani ba ne. Gasar zuba ruwan ƙanƙara a ka ta 2014 ta tara wa ƙungiyar da ke yaƙi da ALS, wata cuta mai shanye jijiyoyi, a Amurka dala miliyan 115 cikin makonni kaɗan, domin abin da aka nemi mutum ya yi ƙarami ne, a fili yake, kuma yana ƙarewa da kiran sunan wani ya yi nasa. Amma irin wannan sa'a ba a tsara ta a takarda, kuma ƙungiyar da ta jingina shirinta na shekara a kan fatan saƙonta zai karaɗe duniya tana wasa ne da amanar mutanen da ke jiranta.

A nemi mutane inda suke

Kowace ƙungiya tana magana ne da rukuni uku na mutane waɗanda ba a wuri ɗaya ake samunsu ba: waɗanda take yi wa aiki, waɗanda ke ba ta tallafi, da masu ikon yanke hukunci. 'Yan jarida da jami'an gwamnati sun fi taruwa a X (wato tsohon Twitter), manyan masu ba da tallafi da ma'aikatan gidauniyoyi suna duba LinkedIn da imel, matasa suna TikTok da Instagram, talakawan da ake yi wa aiki kuwa galibi a WhatsApp da Facebook ake samunsu, idan ma suna kan intanet ɗin ke nan. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 kimanin mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya, kuma mafi yawansu mazauna karkara ne da matalauta da tsofaffi da mata, wato dai mutanen da ƙungiyoyin sa-kai suka fi cewa dominsu suke aiki.

Hanya mafi sauƙi ta sanin gaskiyar lamari ita ce a tambayi mutanen da kansu. Ku zauna da mutum ashirin ko talatin daga cikin waɗanda kuke yi wa hidima, maza da mata, ku tambaye su wace irin waya suke riƙewa, ta wane ne, wa ke karanta saƙon da ya shigo, da wane harshe suka fi fahimta, kuma karatu suka fi so ko sauraro. Amsar tambayar "wayar ta wane ne" ita kaɗai tana iya sauya dukkan shirinku, domin saƙon da ya shafi lafiyar mace ko cin zarafinta, idan ya sauka a wayar da ba a hannunta take kwana ba, yana iya jefa ta cikin haɗarin da ya fi wanda ake son fitar da ita daga ciki.

Inda babu intanet, saƙon tes da kiran murya da rediyo suna nan daram. UNICEF ta fara shirin U-Report a Uganda a 2011 da saƙon tes na kyauta, tana aika wa matasa tambayoyi suna amsawa, ana tattara amsoshin a kai gaban 'yan majalisa da kafafen yaɗa labarai. A Afirka ta Kudu an ƙaddamar da MomConnect a 2014, inda mai juna biyu ke yin rajista da ƙaramar waya, sannan ta riƙa samun saƙonnin da suka dace da watannin cikinta. Ƙaramar ƙungiya ba za ta iya gina irin waɗannan ba, amma za ta iya naɗar saƙon murya na minti ɗaya da harshen mutanenta, ta haɗa kai da gidan rediyo a karanta lambarta a cikin shiri, ta kuma ware mutum guda da zai riƙa amsa kira.

Game da WhatsApp, wajibi ne a san bambancin hanyoyinsa kafin a zaɓa. Zauren tattaunawa yana ɗaukar mutum har 1,024, amma kowa yana ganin lambar kowa, don haka bai dace da masu ɗauke da wata cuta da ake tsangwama a kanta ko waɗanda aka ci zarafinsu ba. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana ɗaukar 256, kowa yana karɓa shi kaɗai, sai dai saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarku a wayarsa. Tashar sanarwa da aka ɓullo da ita a 2023 tana ɓoye lambobin mabiya, amma ku ne kawai ke magana a cikinta. Kada ku rarraba ƙarfinku a kafafe biyar. Kafa ɗaya ko biyu da ake kula da su kullum sun fi shafuka da yawa da rabon da a taɓa su tun bara.

Yadda ake gina saƙo

Saƙon da ke motsa mutane yakan ƙunshi abu uku: mutum guda da za a iya gani, hujja guda da za a iya tabbatarwa, da buƙata guda da mai karatu zai iya biya yanzu. A ɗauki misalin ƙungiyar da ke fafutukar a tura ungozoma wani ƙaramin asibiti. Abin da aka saba gani shi ne hoton mutane zaune a ɗakin taro, a ƙasansa an rubuta cewa ƙungiya ta gudanar da taron masu ruwa da tsaki kan lafiyar mata masu juna biyu, ana godiya ga duk waɗanda suka halarta. Babu wanda zai tsaya a kan wannan, kuma ko ya tsaya bai san me ake so ya yi ba. Saƙon da zai yi aiki shi ne wanda ya nuna ƙofar ɗakin haihuwa a kulle da kwaɗo, ya faɗi tun yaushe asibitin ba shi da ungozoma, ya faɗi nisan asibiti mafi kusa da ke da ita, ya kawo muryar wata uwa da ta yarda ta ba da labarin daren da naƙuda ta kama ta, sannan ya rufe da cewa ranar kaza za a miƙa takardar koke ga hukumar lafiya, ga inda za a sa hannu. Bayan an miƙa takardar a dawo a gaya wa mutane abin da hukumar ta ce, ko da kuwa shiru ta yi, domin shirun ma labari ne, kuma wanda ya sa hannu yana da haƙƙin sanin inda maganar ta kwana.

A nan ne batun mutunci ke shigowa, kuma ina ganin babu inda ƙungiyoyi suka fi yin sakaci kamar nan. Hoton yaro mai tamowa ko na mace tana kuka yana jawo tausayi da kuɗi, amma yaron zai girma hoton yana nan, matar kuma tana da maƙwabta da dangi masu waya. Neman izini na gaskiya ya wuce a miƙa wa mutum takarda ya dangwala yatsa. A gaya masa da harshensa inda hoton zai fita, a nuna masa shafin a waya, a bayyana masa cewa abin da ya hau intanet ba a iya janye shi gaba ɗaya, a kuma tabbatar masa cewa ƙin yarda ba zai hana shi tallafin da ya zo karɓa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin mai buƙata da wuya ya ce a'a ga hannun da ke ba shi. Idan yaro ne, sai da yardar iyayensa ko mai kula da shi, kuma kada a haɗa fuskarsa da cikakken sunansa da wurin da yake zaune a saƙo guda. Sau da yawa hoton hannaye, ko na mutum daga baya, ko na wurin da abin ya faru, ya wadatar. Ya fi kyau kuma a nuna mutane suna ƙoƙarin fitar da kansu daga matsala, domin haka lamarin yake a zahiri.

Ta fuskar tsari, bidiyo ya zama gajere kuma marar nauyi saboda masu ƙarancin data, a sa masa rubutu a ƙasa saboda kurame da masu kallo ba tare da sauti ba, hotuna kuma a rubuta musu bayani domin manhajojin da makafi ke amfani da su su karanta musu. A tsara jadawalin wata guda na abin da za a wallafa, a kuma ware lokacin amsa tambayoyin jama'a, domin shafin da ba a amsa wa kowa a cikinsa allon sanarwa ne kawai.

Kada a wallafa abin da ba a tabbatar ba, komai dacewarsa da manufar ƙungiya. Tsofaffin hotuna daga wasu ƙasashe suna dawowa duk lokacin da rikici ko ambaliya ta auku, kuma binciken asalin hoto ta Google Lens ko TinEye ba ya ɗaukar fiye da mintuna kaɗan. Idan kuskure ya riga ya fita, a gyara shi a fili a daidai wurin da aka yi shi, kada a goge a yi shiru, domin wani ya riga ya ɗauki hotonsa, kuma masu adawa da aikinku suna jiran irin wannan dama.

Tattara hujja

Fasaha ta fi amfani ga ƙungiya a wajen tattara hujja fiye da wajen talla, ko da yake an fi ganin tallar. Bayan rikicin zaɓen Kenya na ƙarshen 2007, wasu masana kwamfuta da marubutan intanet na ƙasar, cikinsu har da Ory Okolloh da Juliana Rotich, sun gina Ushahidi, inda mutane ke aiko da rahoton abin da suka gani ta saƙon tes ko intanet, ana ɗora shi a kan taswira. An sake amfani da manhajar bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010 domin nuna inda ake neman agaji, kuma har yanzu kowa na iya ɗaukarta ya yi amfani da ita.

Ga ƙaramar ƙungiya, manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox ita ce wuri mafi sauƙi na farawa. Ana tsara tambayoyi a kwamfuta, a sauke su a wayoyin masu aikin sa-kai, su shiga ƙauyuka su cike ko babu sabis, su ɗauki hoto da alamar wurin a taswira, idan sun dawo inda akwai intanet su tura. A misalin makarantu goma da aka ambata, tambayoyi kaɗan sun isa: banɗaki nawa ne, nawa ke aiki, akwai ƙofa, akwai ruwa, ɗalibai mata nawa ne. Jami'in da zai iya watsi da ƙorafin baki zai sha wuya kafin ya musanta taswira mai ɗauke da hotuna da ranaku. Sai dai rahoton da jama'a suka aiko ba ya zama hujja sai an tantance shi, ko ta hanyar kiran wanda ya aiko, ko ta samun mutum na biyu da ya ga abin da idonsa. Kuma shawarata ita ce a fara kai wa hukumar da abin ya shafa sakamakon kafin a fitar da shi, a ba ta wa'adi, domin manufar ita ce a gyara banɗakunan, kuma jami'in da aka ba damar gyarawa cikin mutunci yakan zama abokin aiki a gaba.

Tara kuɗi da riƙe amana

Abin da ya sa tara gudummawa ta waya ke aiki shi ne sauƙi. Bayan girgizar ƙasar Haiti, ƙungiyar Red Cross ta Amurka ta tara fiye da dala miliyan 30 ta saƙon tes, kowane saƙo dala 10. A 2011, lokacin farin da ya afka wa gabashin Afirka, gangamin Kenyans for Kenya ya tara ɗaruruwan miliyoyin shilin, kuma talakawa da yawa sun ba da nasu ne ta M-Pesa, wato tsarin tura kuɗi ta waya na Kenya. Darasin shi ne a rage matakan da ke tsakanin niyyar mutum da bayarwarsa, a yi amfani da hanyar biyan kuɗin da ya riga ya saba da ita, a kuma faɗa masa ainihin abin da kuɗinsa zai yi.

Asusun da za a sanar ya kasance da sunan ƙungiya, ba na shugabanta ko wani ma'aikaci ba, komai amanarsa, kuma a riƙa tunatar da jama'a cewa asusun guda ne, domin 'yan damfara suna kwaikwayon shafukan ƙungiyoyi su sauya lambar asusu. A faɗi adadin da ake nema, a riƙa sanar da inda aka kai, idan an kammala a kawo lissafi da rasit da hoton aikin. Ƙungiyar charity: water ta gina sunanta ne a kan nuna wa masu bayarwa hoto da wurin aikin ruwan da kuɗinsu ya yi a taswira, kuma wannan ba ya buƙatar komai fiye da waya da gaskiya. Idan aiki ya samu tangarɗa a faɗa, domin mai bayarwa yakan yafe jinkiri, amma da wuya ya yafe ɓoye-ɓoye.

Akwai kuma tallafin kayan aiki da ƙungiyoyi da yawa ba sa nema. Google yana ba ƙungiyoyin da suka cika sharuɗɗa tallar kyauta ta har dala 10,000 a wata a shafin bincikensa, TechSoup na samar da manhajoji cikin rangwame, Canva kuma na ba da manhajarsa ta zane kyauta. Dukkansu suna neman shaidar rajista, don haka a gyara takardu tukuna.

Abin da ke hannunku da abin da ba ya hannunku

Shafin ƙungiya a kowace kafar sada zumunta kamar gidan haya ne: mai gida na iya sauya sharaɗi ko ya rufe ƙofa ba tare da ya nemi shawararku ba. A farkon 2018 Facebook ya sauya tsarinsa ya fifita saƙonnin dangi da abokai, shafukan ƙungiyoyi da kafafen labarai suka ga masu ganin saƙonninsu sun ragu. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke na kusan awa shida a duk duniya. Gwamnatin Uganda ta katse intanet a jajibirin zaɓen Janairun 2021, ta Najeriya kuma ta dakatar da Twitter na kimanin wata bakwai daga Yunin 2021. Saboda haka duk wanda ya nuna sha'awar aikinku a nemi izininsa a karɓi lambar wayarsa ko imel ɗinsa, a adana jerin a wurin da ƙungiya ke da iko da shi, a mallaki shafin intanet ko da mai sauƙi ne, a kuma ajiye kwafin hotuna da bidiyo da rahotanni a wani wuri daban. A buɗe shafuka da imel ɗin ƙungiya, masu kula da kowane shafi su kasance aƙalla biyu, wanda ya bar aiki kuma a cire shi a ranar.

Tsaron bayanai kuwa ba a yi masa sassauci, domin bayanan da ƙungiyoyin sa-kai ke riƙewa na mutane ne masu rauni. A Janairun 2022 kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa ya sanar da cewa masu kutse sun kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, cikinsu har da waɗanda yaƙi da ƙaura suka raba da iyalansu. Idan hakan ta samu ƙungiya mai wannan girma, ƙarama ba ta da dalilin sakankancewa. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lambar sirri bayan kalmar sirri kafin a shiga, a kowane shafi da imel da WhatsApp, kada a maimaita kalmar sirri guda a wurare da yawa, kada kuma a tura wa kowa lambar sirrin da ta shigo waya ko da ya ce daga kamfanin yake, domin ta wannan hanya ake ƙwace shafuka da yawa. Kada a tattara bayanin da ba a buƙata, wanda aka gama da shi kuma a goge, tunda abin da ba ku riƙe ba ba za a sace shi daga hannunku ba. A tuna cewa hoton waya yakan ɗauki alamar wurin da aka ɗauke shi, wanda ke da amfani wajen tattara hujja amma haɗari ne idan gidan mafakar mata ne ko wurin ɓuyan mai shaida. Don tattaunawa mai haɗari a yi amfani da manhajar aika saƙo ta Signal tare da saƙonni masu gogewa da kansu, idan kuma aka yi muku kutse, ƙungiyar Access Now tana da layin taimako na kyauta ga ƙungiyoyin farar hula da 'yan jarida dare da rana. Ƙasashe da dama suna da dokokin kare bayanai, kamar ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 da ta Kenya ta 2019, kuma sun shafi ƙungiyoyin sa-kai kamar yadda suka shafi kamfanoni.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen tsara daftarin wasiƙa ko taƙaita dogon rahoto, amma sukan ƙago alƙaluma da sunaye, don haka sai mutum ya bi ya duba, kuma kada a zuba musu sunaye da sirrin mutanen da kuke yi wa aiki. Haka nan ma'aikacin da ke kula da shafuka yana buƙatar kariya, musamman idan mace ce ko batun mai zafi ne: a rubuta ƙa'idar abin da za a amsa da abin da za a goge da wanda za a toshe, a adana shaidar barazana, kada kuma a bar mutum guda yana shan zagi shi kaɗai.

Auna abin da aka cimma

A 2013 reshen UNICEF na Suwidin ya yi wani gangami yana tunatar da jama'a cewa danna alamar so a Facebook ba ya sayen allurar rigakafi ko ɗaya. Yawan mabiya da yawan masu kallo suna nuna cewa saƙo ya fita, amma ba sa nuna abin da ya haifar. Duk ƙarshen wata a zauna na awa guda a duba alƙaluman da ke da alaƙa da buƙatar da aka rubuta tun farko: mutum nawa suka sa hannu, nawa suka ba da lambarsu, nawa suka zo taro, nawa suka sake bayarwa karo na biyu, 'yan jarida nawa suka ɗauki labarin, wane jami'i ya amsa kuma me ya yi alkawari. A tambayi sababbin masu zuwa inda suka ji labarinku, a rubuta amsar. Kafar da aka yi wata shida ana wahala a kanta ba ta kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a bar ta a mayar da lokacin inda ake ganin amfani. Idan kuma wa'adin da aka ɗiba ya cika, a tura masu aikin sa-kai su koma da wayoyinsu su sake cike tambayoyin da suka cike da farko, a ɗora sabon sakamako kusa da tsohon, a wallafa su tare, a kuma aika kwafi ga hukumar da duk waɗanda suka sa hannu ko suka ba da kuɗi.